Kwanta Ki Ji

Daminar da tari ya kama ni, a tabarma nake kwana, ƙasan ɗakinmu a Fagam kuwa kullum da laima. Wata ranar kasuwa Baba ya goya ni a babur muka tafi Birnin Kudu sayen katifa. Na ɗauka tasa ce, don ya daɗe yana fama da ciwon baya.

Shagon sai ƙamshin sabon soso da leda. Baba ya danna wannan, ya danna waccan, sannan ya juyo gare ni.

"Kwanta ki ji."

Mai shagon ya ga yadda yake dafe da ƙugu, ya ce, "Malam, ai kai ya kamata ka gwada."

"Bayana ya saba da ƙasa. Ƙirjin yarinyar nan ne bai saba ba."

Na kwanta a ɗarare, ina tsoron ɓata ledar. Wajen kafinta ma gado mai dogayen ƙafafu ya zaɓa, don kada sanyi ya iso ni.

Kafin kaka tarin ya tafi. Shi kuwa a tabarmarsa ya ƙare rayuwarsa. Sai da na haifi nawa na gane. Allah ya kyautata makwancinka, Baba.