Masuncin da Ya Zauna Jiran Jatan Lande

Ka ce wurin nan shi ya ciyar da mahaifinka, don haka ba za ka ɗaga ba ko da ya daina bayarwa. To, saurari misalin wani masunci.

'Yan'uwa biyu ne, wa da ƙane. Mahaifinsu ya bi kogin Kwara da kwale-kwale har inda kogin ya rarrabu ya faɗa teku, ya kafa bukka a wani ɗan tsibiri mai laka, ya rasu ya bar su a nan. Mashigar da ke gaban tsibirin ruwanta zartsi ne, shi ba na kogi ba, shi ba na teku ba, irin wanda jatan lande ke so. Wan yakan jefa koma da hantsi ya jawo ta da ƙyar don nauyi, matarsa ta kyafe, fatake su zo su kwashe. Bai taɓa ganin abin da zai kai shi gaba da bakin mashigar nan ba. Ƙanen kuwa ba ya iya zama. Yau yana tsibirin duwatsu inda kaguwa ja ce, fale-fale, mai gudu kamar gizo-gizo, gobe yana tsibirin kwakwa inda kaguwar tudu ke haƙa rami a gindin itace, ba ta kusantar teku sai za ta zubar da ƙwai. Ya dawo da rabin kwando da labari cike da baki, wan ya ce masa yawo ba sana'a ba ne.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi, ambaliya ta tara yashi a bakin mashigar har ruwan teku ya daina shigowa sosai. Ƙanen ya lura ƙananan kaguwar laka, masu hannu ɗaya ƙato, suna barin ramukansu suna haye yashin in ruwa ya janye. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kurɓa.

"Yaya, ruwan nan ya koma na daɗi," in ji shi. "Kaguwa ta tashi, jatan lande ma ba zai zauna ba. Mu bi su."

Wan ya ce a nan ya binne mahaifinsa, kuma abin da ya saba zuwa shekara talatin ba ya ɓacewa a damina ɗaya. Ƙanen ya ɗora iyalinsa a kwale-kwale ya tafi.

Tun daga ranar nan wan bai ƙara samun natsuwa ba. Ya jefa koma, ta fito da ganye da 'yan ƙananan kifi. Ya ce laifin komar ne, ya zauna yana ɗinke inda bai yage ba. Ya gwada sama da mashigar, ya gwada ƙasa, ya koma tsakiya inda ya fara. Sai ya ce baki aka yi masa. A yini yakan sauka bakin ruwa sau ashirin. In ya zauna cin abinci ya ji wani abu ya fantsama, sai ya tsame hannu ya ruga, ya tarar reshe ne ya faɗo. Murhun kyafa ya huce har kaza ta yi ƙwai a cikin tokar. Fatake suka riƙa wucewa ba sa ko tsayawa. Maƙwabta suka kwance bukkokinsu ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye a gaɓa yana ce musu za su dawo da kunya. Matarsa ba ta yi masa gardama ba, sai dai ta riƙa ƙara ruwa a garin rogo. Ya ce a jira tsayuwar wata. Wata ya tsaya, ya ce a jira ambaliya ta janye. Haka har wata uku.

Ranar da ya ga matar ta juye buhu tana kakkaɓe shi a ƙwarya, yara sun zagaye ta wuyansu duk ya zama siriri, ya ɗauki itacen tuƙi ya shiga kwale-kwale. Sai ga shi, mutumin da aka haifa a kan ruwa, bai san hanya ba. Yana wuce yashin ya faɗa cikin mashigai masu kama da juna, da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a ruwa. Ya shiga wannan ta ƙare a laka, ya juyo ya shiga waccan ta mayar da shi inda ya fito. Kwana biyu yana gewaye, tafin hannunsa ya saluɓe. A na uku iska ta kawo masa ƙamshin kyafa, ya bi shi, ya zagaya bayan wani tsibiri. Ga ƙanensa, ga maƙwabtansa, ga tabarmi shimfiɗe sun yi ja wur da jatan lande. Ya waiwaya, ya hango kan itacen ƙofar gidansa. Tsakaninsa da abincin 'ya'yansa bai kai tuƙin hantsi zuwa azahar ba.

Ƙanen ya tarbe shi. Ya miƙa masa akushi, ya karɓi itacen tuƙin ya je ya kwaso masa iyali. Amma lokacin kamu saura kwana goma ya ƙare, wurare masu kyau duk an kama, sai ƙarshen ganima ya tarar. Shekarar nan a ƙwaryar ƙanensa ya ci.

Wannan shi ne abin da Hausawa ke nufi da suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.