Kujerar Direba

Bakanike ya yaye tamfol yana hura hanci. Tsohuwar motar da ya tsinto a bola, ya harhaɗa da kayan gwangwan, ga ta ja wur tana sheƙi.

Budurwarsa, wadda yake tsokana da Guntuwa, ta zagaya motar tana ƙare mata kallo. Yau yake son jin matsayinsa, don yayanta ya rantse ba za ta auri mai wuni ƙarƙashin mota ba.

"To sarkin cika baki, tayar mu gani," in ji ta.

Ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa sun tokari sitiyari. Ta tuntsire da dariya.

"Wane irin aiki ne wannan?"

"Ban samu ƙarfen matsar da kujera ba, sai na yi mata walda wuri ɗaya." Ya sosa ƙeya. "Daidai tsawon ƙafarki."

Dariyar ta ɗauke. Ta dube shi, ta dubi kujerar.

"In na ƙi fa?"

"Haka zan tsufa a tsugune."

Ta miƙa hannu.

"Fito, malam, ba ni makulli. Ƙofar gidan Yaya za mu fara, kuma ni zan danna masa oda."