Sunan Ɗan Fari

A shekarar da aka haɗa katin ɗan ƙasa da asibitoci, ɗan farin Tasalla ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Ma'aikaciyar motar asibiti ta miƙo mata na'ura.

"Inna, bayanan lafiyarsa ba za su buɗe ba sai kin faɗi sunansa da bakinki."

Tun da ta haife shi, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunan ba. Ta runtse ido.

"Ukashatu."

Na'urar ta ce, "Ƙoda ɗaya gare shi. Ɗayar tana jikin mai magana."

Tasalla ta dafe tabon aikin da ke gefen cikinta. Lokacin da aka yi mata dashen ƙoda, ce mata aka yi wani bawan Allah ne ya bayar.

Ta durƙushe kansa tana salati. "Ukashatu! Ukashatu!"