Rana a Lambun Malam Sallau

Tun da aka rufe Gusau da rumfar kare zafi, sai da izini ake buɗe wa unguwa rana. Barira ce ke riƙe da makunnin yammacin gari.

Da hantsi wani tsoho ya shigo ofishinta. Malam Sallau ne, wanda ya koya mata lissafi. Ranar jarrabawar ƙarshe, don babanta ya hana shi aron gona, ya tashe ta daga bakin taga ya kai ta lungu mai duhu. Kalkuletar makaranta da hasken rana take aiki, tata ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Barira ta faɗi jarrabawar, karatun likita ya wuce ta.

"'Yata, barkonona yana mutuwa," in ji shi. "Ki buɗe mini ko kaɗan."

"Za a duba, Malam."

Bai gane ta ba. Ta buɗe wa maƙwabtansa, haske ya tsaya daidai bakin katangarsa.

Da yamma ta biya ta lambun, ta tarar yana tsince ganyen da suka zube. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa mata albarka.