Hannun Malam Tanimu Ya Yi Shiru

Tun da hukuma ta koma gane mai rai da bugun jijiyar hannun dama, kowa a Gusau agogon shaida mai aika wa hukuma bugun yake ɗaurawa. Malam Tanimu tela ya je aikin zuciya, aka zura masa siririn bututu ta wuyan hannun dama. Zuciya ta gyaru, amma jijiyar ta toshe, agogonsa ya mutu.

Ya koma asibiti da hantsi. Nas Lantana ta yi masa allurar tsinka jini, ta ɗaure ɗaya jijiyar hannun tamau don jini ya nemi tsohuwar hanyarsa.

"Baba, da zafi?"

"Ba na jin komai, 'yata."

Ya zauna yana kallon yatsunsa kamar na wani. Da ta kwance ɗaurin, ta daɗe tana laluben bugun ba ta ji ba, sannan ta ce ya dawo jibi a sake gwadawa.

A bakin titi ƙanwarsa Asabe ta kira shi a waya tana kuka.

"Yaya, kai ne? Hukuma ta sanar da rasuwarka. Gida cike yake da masu gaisuwa!"

Ya dubi mataccen agogon da ke hannunsa.

"Ki ba su ruwa, Asabe. Amma kada ki sallame su tukuna. An ce sai jibi."