Ranar da Na'ura Ta Yaye Mutanensa

Kai da aka damƙa wa ragamar jama'a, ga misali, ka saurara da kunnen basira.

An yi wani dattijo mai gyaran rediyo. Duk Asabar bayan la'asar, shi da abokansa su goma sha biyu suna haɗuwa a shagon wani mai kwamfuta, suna gasar ƙwallon jami'o'i ta cikin na'ura. Ba fili, ba alƙali. Kowa ya tsara 'yan wasansa, na'ura ta buga ta faɗi sakamako. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya zo na ƙarshe a kakar wasa, zai tashi ya bar wa wani kujera, don masu jira suna da yawa. Shi kuwa tun da matarsa ta rasu, kujerar nan kaɗai ta rage masa inda ake tsokanarsa ya yi dariya.

Ran da aka ba shi ƙungiya, ya tarar 'yan wasa sha ɗayan farko duk 'yan shekarar farko ne a jami'a. Sai ya goge sunayen da na'ura ta sa musu, ya rubuta na abokan da suka buga ƙwallon tsumma tare a yarinta, waɗanda fiye da rabinsu ƙasa ta rufe musu ido. Daga nan fa magana ta ƙare. Kowane mako na'ura tana ba kowa sa'o'i ashirin, ko ya horar da na hannu, ko ya zaga makarantun sakandare neman sababbi. Shi duk ashirin ɗin kan sha ɗayansa yake juyewa. Na benci kuwa, waɗanda na'ura ke ƙaro masa kowace kaka, ko ƙafa bai taɓa bari sun sa a fili ba. Yaya zai cire mai tsaron gidan da suka ci kwano ɗaya da shi, ya sa baƙon da bai san ko sunansa ba? Wani direban tanka da ke zama kusa da shi ya taɓa ce masa, "Malam, ɗalibai ne fa, kaka huɗu gare su." Ya ce, "Bar ni da mutanena." Ya kuwa ci kofi a kaka ta uku, ya maimaita a ta huɗu, har hularsa ta koma ƙeya.

Sai hutun kaka ya zo. Aka kunna na'ura, ta jero sunayen waɗanda aka yaye, daga mai tsaron gida har mai lamba sha ɗaya, babu wanda ta bar masa. Ya gyara tabarau, ya lalubi inda zai danna su dawo, babu. Wallahi abin tausayi, mutanen da ya yi wa makoki sau ɗaya, ga shi yana sake yi musu a gaban allo. Ya leƙa benci, ya tarar da su yadda ya karɓe su, ɗanyu shakaf, wasu ma sun gaji sun canza makaranta. Ya ruga neman sababbi, ashe duk mai ƙafar kirki abokansa sun daɗe da kama shi tun yana ajin ƙarshe na sakandare. Saura sai tsintuwa. Da na'ura ta fitar da hasashen kaka mai zuwa, sunan ƙungiyarsa ne a can ƙasa, na sha biyu cikin sha biyu. Ranar babu wanda ya tsokane shi, kuma wannan shirun ya fi masa ciwo.

Asabar ta gaba, wani cikin masu jira ya zo da wuri, ya tsaya a bayansa yana kallo, hannunsa dafe da kan kujerar. Dattijon ya ji nauyin hannun, bai waiwaya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.