Haƙorin Otis

Lamont ya maka wa Otis, abokin ɗakinsa a gidan yari, farantin abinci a baki, haƙori ya yi tsalle. Da maki ɗaya Lamont ya faɗi jarrabawar lissafin da za ta rage masa wata uku a ɗaurinsa.

"Munafuki! Kai ka ce ɗebe huɗu sau ɗebe kwata, amsar ɗaya ce. Ga shi an soke!"

Ya shaƙe shi, sai da gandirobobi uku suka ɓamɓare shi.

Washegari Malama Kowalski mai koyar da lissafi ta leƙo ɗakin horon da aka kulle Lamont, takardarsa a hannunta.

"Otis daidai ya koya maka, ni na yi kuskuren maki. Ka ci, an rage maka wata ukun. Haƙorinsa kuma ya ƙara maka shekara biyu."